Littafi a kunne, allura a hannu

Ɗinki hannu yake ci da ido da gadon baya. Kunne kuwa zaman banza yake yi tun safe har a rufe shago, shi ya sa duk shagon telan da ka leƙa a Aboabo ko Asawase, unguwanninmu na nan Kumasi ta ƙasar Gana, za ka tarar rediyo na ta surutu: gardamar 'yan jam'iyyar NPP da 'yan NDC da Tonanci, harshen Tonawa, wato mutanen Asante, labarin ƙungiyar ƙwallon Kotoko ta ci ko an cinye ta, wa'azi, sai tallar maganin basir. Na yi shekaru ina shan wannan har na kai in mai sharhi ya buɗe baki na san inda zai sauka. Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar KNUST ne ya ji ni ina ƙorafin ido ba ya barina in yi karatu da dare bayan wunin surfani, ya ce, "Kawu, to me zai hana a riƙa karanta maka?" Ya karɓi wayata ya sa mini manhajoji biyu.

Ɗaya ita ce LibriVox, wadda wani mutumin Kanada, Hugh McGuire, ya kafa a 2005. 'Yan sa kai ne daga ƙasashe daban-daban suke zama a ɗakunansu su karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya riga ya faɗi, kowa ya sauke kyauta. Ɗayar kuma Audible, wadda aka kafa a 1995, Amazon ta saye ta a 2008. Nan ƙwararru ne ke karatun, kuma akwai sababbin littattafai, amma kuɗin wata ake biya, da dala. Na riƙe ta har lokacin da dala ta fi ƙarfin aljihuna, na koma ga na kyauta da abin da abokai suke nuna mini. Saukewa da dare nake yi, lokacin da data ta fi araha, in wayi gari da abin da zan ji ba tare da na jira intanet ba.

Ba kowane aiki ne yake tafiya da littafi ba. In zan auna mutum, ko na shimfiɗa shadda a tebur na ɗauki alli da almakashi, a kashe wayar take, domin kai ba ya riƙe faɗin kafaɗa da tsawon hannu alhali wani yana zuba masa shekarun yaƙi a kunne. Babban keken lantarki kuma in ya tashi ba ka jin komai sai shi. Lokacin littafi shi ne na aikin hannu: surfanin wuya, kalmasa, sa maɓalli, guga. Kuma kunne ɗaya nake toshewa, ɗayan na masu sallama ne. Telan da ake yi wa sallama sau uku kafin ya ɗago kai ba zai daɗe da masu kawo masa aiki ba.

Wani malaminmu ya taɓa ce mini wannan ba karatu ba ne, lalaci ne. Na ce, "Allah gafarta Malam, Ahalari da Ishmawi a ina muka ɗauke su in ba a bakinku a zaure ba?" Ya yi dariya ya ce, "Haka ne, amma ni kana iya tsayar da ni ka tambaye ni, kuma ka san wanda ya karantar da ni. Wannan na cikin wayarka fa?" Ban samu amsar ba shi ba a ranar, kuma duk abin da zan faɗa a nan game da littattafan nan a kan wannan tambayar tasa yake tsaye.

Da littattafan kasuwanci na fara, don mai shago gani yake nan ne riba take. Abu na farko da kunne ya nuna mini shi ne yawancinsu magana ɗaya ce aka ja ta. Mai karatu da ido yana iya tsallake shafi goma bai ma san ya tsallake ba, amma mai sauraro dole ya zauna a sake gaya masa abin da aka gaya masa a babi na biyu, sai dai wannan karon da labarin wani attajiri daban. Kamar yadi mai sitaci suke, a kanti ya tsaya ƙyam, wanki ɗaya ya kwanta. In an matse littafin awa takwas, abin da ke ciki bai fi a faɗe shi tsakanin la'asar da magariba ba.

Sannan ga inda aka rubuta su. Akwai wani tsohon ɗan littafi na George Clason da ya fito a Amurka a 1926, wanda kusan duk na bayansa daga shi suka kwafa: ka ware kashi ɗaya cikin goma na duk abin da ka samu, ka ajiye, ka bar shi ya haihu. Shawara ce mai kyau a ƙasar da kuɗinta ke zaune wuri ɗaya. Mu nan mun ga 2022. Dala ta fara shekarar a wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta ƙare ta haura 13, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disamba. A wannan watan ne gwamnati ta fito da shirin sauya takardun bashinta na cikin gida, har tsofaffin ma'aikata masu fansho suka riƙa zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Akra a farkon 2023, cikinsu har da tsohuwar babbar jojin ƙasa. Waɗannan su ne mutanen da suka bi shawarar littafi sau da ƙafa. Ni abin da ya rufa mini asiri a shekarar shi ne bandir ɗin shadda da kwalayen zaren da na saya tun kafin azumi na jibge a ƙarƙashin tebur. Ba littafi ne ya koya mini wannan ba, maigidana da na koyi aiki a hannunsa ne, mutumin da ya ga yadda tsohon sidi ya lalace har aka yanke masa sifiri huɗu a 2007.

Wani abin kuma, mutumin da ke cikin waɗannan littattafai ba shi da dangi. Ba a yi masa rasuwa a Tamale, ƙanwarsa ba ta haihu, babu wanda zai aiko masa yaro daga Bawku a ce ga shi nan ka koya masa sana'a. Za ka ji ana ce maka kada ka ba aboki bashi, kada ka haɗa kasuwanci da zumunci. To a Zango in ka cire bashi da zumunci me ya rage na kasuwar? Cinikin goro da na shanu duk a kan mai gida da dillali aka gina su: baƙo ya sauka a gidanka, ka ciyar da shi, ka tsaya masa a sayar da kayansa bashi, in mai saye ya gudu kai ne za ka biya. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, a wannan hanyar ya taso. Ya yi fataucin goro a ƙasar nan, yana cikin na farko da suka riƙa ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko maimakon watanni a bayan jakuna, daga baya ya koma gyaɗa a Kano, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafi arzikin Afirka ta Yamma. Labarinsa a bakin tsofaffin 'yan goro na ji shi, kuma ya fi mini amfani a kan tarin littattafan masu cewa ka tashi da asuba ka rubuta burinka a takarda. Mu dama da asuba muke tashi.

Ba na cewa babu abin ɗauka. Abu ɗaya na ɗauka na riƙe: kuɗin shago ba kuɗina ba ne, kafin alƙalamin da mutum ya bari na ɗinkin salla kuwa ba na shago ba ne ma tukuna, amana ce har sai rigar ta fita. Na buɗe layin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, na biyu don shago kaɗai, na yanka wa kaina albashin mako kamar yadda nake ba yara nasu. A cikin wannan rukuni kuma waɗanda suka fi zama a kunne su ne tarihin rayuwar 'yan kasuwa da kamfanonin da suka durƙushe, inda wani ɗan jarida ne ya bi diddigi ya rubuta, ba mai dukiyar ne ke yabon kansa ba. Wanda ya karye ya fi wanda ya yi nasara faɗin gaskiya game da lissafi.

Tarihi kuwa shi ya fi cin lokacina, shi ne kuma ya fi buƙatar a yi hattara da shi. Manyan littattafan da ke kwaso daula guda tun kafuwarta har faɗuwarta, irin na Rum, suna da daɗin ji amma ba sa zama. Babu taswira a kunne. A ce maka runduna ta ƙetare wani kogi ta nufi wani gari, kai kuwa ba ka san gabas ta yi ko yamma ba, shekaru su yi ta wucewa har ka rasa wane sarki ne uban wane. Abin da na koya shi ne in duba taswirar yankin a waya tun kafin in fara, in kuma zaɓi littafin da ya kama abu ɗaya, yaƙi ɗaya ko mutum ɗaya ko gari ɗaya. Irin waɗannan kunne yana riƙe su don labari ne mai kai da gindi.

Inda abin ya zama nawa shi ne da na shiga rubuce-rubucen Turawan da suka zo garin nan. Rubutunsu yana nan kyauta a intanet, wanda ban samu an karanta ba sai in sa waya ta karanta mini da muryar inji. Thomas Bowdich ya zo Kumasi a 1817, zamanin Asantehene, wato sarkin Asante, Osei Bonsu, Joseph Dupuis ya biyo bayansa a 1820. Dukansu sun tarar da Musulmi zaune a tsakiyar gari, akasarinsu daga Gwanja da Dagomba da Mamfurusi, suna rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci, suna rubuta layun da ake ɗinke wa mayaƙa a jikin riguna. Dupuis ya zauna a Maroko, yana jin Larabci, shi ya sa hirarsa da malaman ta fi zurfi. Ina zaune ina huda wuyan kaftani ina jin yadda shekara ɗari biyu da suka wuce wani ya zauna a garin nan yana ɗinke laya a jikin riga, sai na ji sana'ar ta ƙara mini nauyi a hannu. Duk mai ce wa ɗan Zango baƙon jiya ne, wannan ya ishe shi amsa.

Amma ga inda tambayar Malam take dawowa. Murya mai natsuwa tana sa wa magana rigar gaskiya. Abin da in a takarda ka gan shi za ka tsaya ka ɗaga gira, a kunne wucewa yake yi sumul, kana can kana neman bakin zare. Bayanan ƙasan shafi, inda marubuci ke faɗin daga wa ya ji, galibi ba a karanta su. Kuma waɗannan mutane da raini suka rubuta, wani a fili, wani a lulluɓe.

Wata rana na sa labarin yaƙin Turawan Ingila da Asante na 1874 a lasifika, na Henry Stanley, ɗan jaridar da ya biyo rundunar Garnet Wolseley. Maƙwabcina kafinta, dattijo ne Batone da ya girma cikin 'yan Zango, Hausa a bakinsa kamar ni, ya shigo aron dutsen guga ya tarar ana bayanin yadda suka shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu, suka kwashe abin da ke fadar sarki Kofi Karikari, suka tashe ta da albarushi, suka cinna wa gari wuta. Ya zauna a kan benci da dutsen gugar a cinya, bai ce komai ba har babin ya ƙare. Sannan ya ce, da sunan da Tonawa ke kiran Musulmi, "Kramo, wannan mai maganar yana wurin?"

Na ce masa, da kalmarsu ta kawu, "Yana wurin, Wofa. Tare da sojojin ya zo."

Ya ce, "To abincin wa ya ci a hanya?"

Na ce na Janar ɗin ne mana. Ya gyaɗa kai ya miƙe, har ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Kuma 'yan'uwanka ne suka riƙe musu bindiga," ya fita yana dariya. Gaskiya ya faɗa. Kyaftin John Glover ya taho ta gabas, ta wajen Volta, da sojojin da ake kira Hausawan Glover, waɗanda ya fara tarawa a Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu, kuma duk ɗan arewan da ke jin harshen Bahaushe ne a wurin Bature. An sake amfani da sojojin Hausa a 1896 da aka kama sarkin Asante Prempeh na ɗaya, da 1900 lokacin da Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ta sarautar Asante, sarauniya Yaa Asantewaa ta ja yaƙi aka yi wa ganuwar Turawa ƙawanya, wadda yanzu ita ce gidan tarihin sojoji a Adum. Mu 'yan Zango mun fi son a tsaya a kan malamai da fatake, wannan ɓangaren ba ma kawo shi a hira. Tun daga ranar, kowane littafin tarihi zan fara sai na nemi sanin shekarar da aka rubuta shi da abincin wanda marubucin ya ci, kuma ba na yarda in ji labarin yaƙi daga baki ɗaya.

A 2024, shekara 150 cif bayan ƙona garin, aka kawo wasu daga cikin kayan fadar aka baje su a gidan tarihi na Manhyia, fadar sarkin Asante ta yanzu. Wani gidan tarihi na jami'a a Amurka ya maido guda 7 dungurungum, manyan gidajen tarihi biyu na Landan kuma suka kawo guda 32, amma aro, na shekara uku. A ba mai kaya aron kayansa! Mun je da Wofa da yaran shago. Na ji an siffanta faya-fayan zinariyar nan da bayin sarki ke ratayawa a ƙirji ba sau ɗaya ba, amma sai da na tsaya gaban gilashin na ga ƙanƙantar zanen da maƙeri ya fitar a jikinsu na gane me aka ɗauka. Gani ya kori ji.

Akwai kuma tarihin da ya fi kusa da mu wanda ba ya cikin waɗannan manhajoji. Salaga, kasuwar da fatake ke sauke kanwa da tufafi da fata su ɗauki goro, wadda kuma, a faɗi gaskiya, kasuwar bayi ce babba. Yaƙin basasar 1892 da ya watsa ta, mutane suka bazu Kete-Krachi da Yeji da Kintampo, daga baya Kumasi. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna a Kete-Krachi har ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami a kan zuwan Nasara, waƙoƙin da dama don kunne aka tsara su. Sai dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969, da aka ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Wannan a bakin mahaifiyata na ji shi, da sunayen maƙwabtan da suka sayar da gidajensu a wulaƙance suka hau manyan motoci. Ita kam ina iya tsayar da ita in tambaye ta, kuma in ta manta sai ta aike ni wurin ƙawarta.

Tsofaffin littattafan ƙagaggun labarai su na zo wa a ƙarshe, kuma yanzu su suka fi yawa a wayata. Dalilin a bayyane yake in ka san yadda aka yi su. Charles Dickens kashi-kashi yake fitar da labaransa, wata-wata ko mako-mako, mutum ɗaya ya saya ya karanta wa gida duka da dare, shi kansa daga 1858 ya riƙa hawa dandamali yana karanta su ga jama'a ana biyansa. Don haka kowane babi yana ƙarewa ne inda dole ka nemi na gaba, kowane mutum a ciki yana da irin maganarsa da za ka gane shi ko ba a faɗi sunansa ba. Doguwar jimlar da ke gajiyar da ido, in mai karatu ya san inda zai numfasa, sai ta zama hira.

Kuma maganar kuɗi da na je nema a littattafan kasuwanci, a nan na same ta da jininta. An ɗaure mahaifin Dickens a gidan yarin masu bashi a 1824, shi kuma yana ɗan shekara 12 aka tura shi aiki a masana'antar man goge takalmi, shi ya sa ya san bashi ta ciki: yadda mai bashi ke fara'a fiye da kima, yadda yake sake hanya, yadda yake rantsuwa da zuciya ɗaya cewa mako mai zuwa wani abu zai faɗo. Ina da irin wannan mutum a littafin bashina, babbar rigarsa ta sallar bara har yau saura rabi, kuma tun da na ji an siffanta ɗan'uwansa na Landan na daina jin haushinsa, sai dai ban sake yanka masa yadi ba sai da kuɗi a hannu.

Littafin Jane Austen na 1813, Pride and Prejudice, kuwa ana ce masa na soyayya, ni na gado na ji. Mutum yana da 'ya'ya mata biyar, babu namiji, kuma ƙa'idar gidan ta ce in ya mutu wani ɗan'uwansa namiji ne zai gaje gida da gona, matar da 'ya'yan su san inda dare ya yi musu. Uwar da ake yi wa dariya don ta matsu ta aurar da su, ita kaɗai ce ke lissafi a gidan. Na ba wata Hajiya mai kawo mini ɗinkin maigidanta labarin a taƙaice, ta ce, "Ai wannan ba sai an je Ingila ba." Tana nufin al'adar Tonawa ta gado ta wajen uwa, inda ɗan 'yar'uwa ke gadon kawunsa, abin da ya sa aka yi dokar gado ta 1985, wadda ake kira PNDC 111, don matar mamaci da 'ya'yansa su samu rabo. Muka daɗe muna kwatanta wannan da rabon gado na Musulunci, har ta manta da abin da ya kawo ta.

Wanda ya ci shagon gaba ɗaya shi ne na Alexandre Dumas, The Count of Monte Cristo, labarin matuƙin jirgin ruwan da aka yi wa sharri aka jefa shi kurkukun tsibiri shekara 14, ya fito ya bi maƙiyansa ɗaya bayan ɗaya. A jarida aka fara buga shi kashi-kashi daga 1844 zuwa 1846. Turancin fassarar ya yi wa yarana tsauri, don haka ni nake ji da safe, in an kawo shinkafa da wake da rana in mayar musu da Hausa. Har suka riƙa gardama ko ramuwar ta wuce gona da iri, ƙaramin cikinsu yana cewa, "Masta, ai da ni ne ko 'ya'yansu ba zan bari ba," babban yana jawo masa aya. Da na gaya musu kakar Dumas baƙar baiwa ce a ƙasar da yanzu ake kira Haiti, mahaifinsa kuma ya zama janar a sojan Faransa, sai suka ƙara kama shi. Ba mu muka fara haka ba: tun 1865 ma'aikatan naɗa sigari a Havana ta Kyuba suke sa mutum ya hau kujera yana karanta musu jarida da littafi suna aiki, kuma sunan wannan labarin ne aka sa wa wata shahararriyar sigarinsu.

Na Rasha su ne masu wuya. Babban littafin Tolstoy na yaƙin Napoleon ya kai wajen awa 60 a kunne, kuma kowane mutum yana da sunan yanka da na uba da na gida da laƙabi, marubucin yana sauyawa yadda ya ga dama. Mu ma muna yin haka, mace ɗaya ta zama Hajiya a bakin wani, Iya a bakin wani, Maman wane a bakin mijinta, amma mu mun san fuskar. Sai da na rubuta sunayen a bayan kwalin zare na manna a bango kusa da kalanda, sannan labarin ya buɗe.

Duk wannan kuwa a hannun mai karatu yake. A LibriVox za ka dace da tsohuwar da ke karatu kamar jikanta take yi wa, wani littafin kuma kowane babi da mai karanta shi, ka saba da murya a sauya maka, wani yana ci da sauri, wani kana jin karensa na haushi. Kyauta ce, ba a raina ta, amma ina duba wanda mutum ɗaya ya karanta daga farko har ƙarshe, in saurari minti biyar kafin in sauke. Littafin kasuwanci ina ƙara masa gudu, ba ya rasa komai. Tarihi a yadda yake nake barinsa. Labari kuwa ƙara masa gudu zalunci ne. Muryar inji tana iya ɗaukar bayani, amma ba ta san ba'a ba, ba ta san inda mutum ke ƙarya ba, sunayen garuruwanmu kuma sai ka yi ta lalube kafin ka gane Bekwai ko Fomena take nufi.

Da Hausa ma akwai abin ji, musamman a YouTube, inda ake karanta littattafan marubutan Kano da kuma tsofaffi irin na Abubakar Imam, kuma yarana da suka tashi da Hausar Zango suna ƙaruwa da jin ta ƙasar Hausa. Wasu masu karatun gwanaye ne, sun fi Turawan da ake biya iya sauya murya tsakanin kishiya da uwar miji. Sai dai da yawa ba sa faɗin sunan marubuci, balle a san ko ya yarda, alhali yana raye yana neman na cefane da alƙalaminsa. Ni in na samu lambar marubuciyar da na ji littafinta nakan tura mata ɗan abin da ya sawwaƙa. Roƙona ga masu karatun shi ne su fara da sunan mai littafi da shekarar da ya fito, su jera kashi-kashin da lamba yadda mutum ba zai ji na 14 kafin na 9 ba, su kuma cire kiɗan nan da suke sawa a ƙarƙashin murya, domin a shago ga ƙarar keke ga janaretan maƙwabta, kiɗan ne ke fitowa maganar ta nutse.